Ƙofar Baya ta Ɗakin Haihuwa

Abuja, Litinin

Zuwa ga Sista Filomina Zakka,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ba direban Keffi wannan takarda saboda ba zan iya jin muryarki a waya ba tukuna.

Kin san ni akawu ce a kwamitin majalisa mai duba ƙudirin gyaran dokar ƙwadago, wanda zai hana ma'aikatan lafiya shiga yajin aiki. Da can aiki kawai na ɗauke shi. Yanzu kuwa da zan sami iko, da hannuna zan sa masa hatimi. Ƙanwata Khaulat ta rasu a bayan mota cikin cunkoson Mararaba, da ɗanta a cikinta, saboda kun sa wa asibiti kwaɗo. Ke kika yi mata awo tun cikin yana wata biyu. Ke kuma na gani a hoto riƙe da kwali a bakin ƙofa.

Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a ƙarshen wata. Ina so ki zo, a matsayinki na unguwarzoma, ki faɗa musu abin da yajin aiki yake yi wa mace mai naƙuda. Tun muna sakandare ban taɓa roƙonki komai ba.

Ki huta lafiya.
Madina

Keffi, Alhamis

Madina,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Yau kuma ni ce "Sista Filomina Zakka", ni da muka yi shekaru muna cin garin kwaki a kwano ɗaya? To, na karɓa.

Ba don daɗi muka fita ba. Na karɓi haihuwa da hasken wayata a baki. Na wanke safar hannu na shanya don in sake sawa. Mun rubuta, mun roƙa, an yi mana alkawari har mun gaji da tafi. Ranar da muka ajiye aiki ne kawai aka tuna akwai mu. Ƙudirinku ba zai kawo jini ko wuta ɗakin haihuwa ba, bakinmu kawai zai rufe, mata su ci gaba da mutuwa a hannunmu ba wanda ya ji.

Amma ga abin da ba ki sani ba. Ɗakin haihuwa bai rufe ba ko na yini ɗaya. Haka muke yi a kowane yaji: a kulle babbar ƙofa, a bar ta baya, ta wajen masu wanki. Muna shiga bi da bi da zanen gida, da kular abinci a hannu kamar masu jinya. Ba ma shelantawa, don in gwamnati ta ji ana aiki ba za ta zauna da mu ba. Duk motar da ta tsaya da mai naƙuda, matan da ke bakin ƙofa sukan raɗa wa direba ya zagaya.

Ranar da Khaulat ta rasu, ni ce a ciki. Na dafa kayan aiki, likita yana kusa, gadaje ba kowa. Tun safe ina zaune ina korar ƙuda. Matan bakin ƙofa sun ce motar mijinta Uwais ta rage gudu a ƙofa, ba ta tsaya ba. Na sha gaya wa Khaulat ta kira ni ko da wane lokaci ne. Wayata ba ta yi ƙara ba. Tun ranar nake tambayar kaina abin da ya hana, kuma ba na barci.

Yosiya, sakataren ƙungiyarmu, shi ma yana so in je zaman naku. Ya ce lokacin ɓoyo ya wuce, in faɗa a gaban kyamara cewa ba mu taɓa barin mai naƙuda ba, wannan kaɗai zai iya karya ƙudirin. Don haka zan zo, amma ba abin da kike so zan faɗa ba.

Taki har kullum,
Filo

Abuja, Asabar

Filo,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki.

Ni na san abin da ya hana. Uwais ya ɗauko waya zai kira ki, Innarmu da ke cikin motar ta riƙe hannunsa. Ta ce Filo tana cikin rigima da hukuma, in aka gan ta tana aiki 'yan uwanta za su ce ta ci amanarsu, ba za a jawo wa 'yar mutane baƙin jini ba. Ta ce a wuce Abuja. Kara ta yi miki, irin wadda take yi wa kowa.

Inna tana da hawan jini, kin fi ni sani. Abin da ya riƙe ta a tsaye shi ne ta yarda babu wata hanya. Kuma za a nuna zaman a talabijin, duk mutanen unguwar Inna, Liman Abaji, za su kalla.

Ban san me nake so game da ƙudirin nan ba yanzu. Na dai san ranar Litinin na roƙe ki ki zo, yau ina roƙonki ki zauna. Ki yafe mini sunan da na kira ki.

Madina

Liman Abaji, Talata

'Yata Filomina,

Assalamu alaikum. Ni ce Hansai, maƙwabcinmu Malam Husaini ke rubuta mini. Ya aiki, ko da yake an ce babu aikin? Ya mamanki da ƙafa?

Tun sadakar bakwai ban sa ki a ido ba. In kunya ce, ki ajiye ta. Ban riƙe ki da komai ba, kwanan Khaulat ne ya ƙare.

Abu guda ke damuna. Wata mai ƙosai ta ce wai 'yar ƙanwarta ta haihu a asibitinku cikin yajin nan. Na ce mata ƙarya ne, da idona na ga kwaɗo. Amma maganar ta ƙi barin kaina. Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Da na bar Uwais ya kira ki, da akwai abin da za ki iya yi?

Ki zo ki ci tuwo. Allah ya yi miki albarka.

Innarki

Angwan Iya, Laraba

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Mama tana samun sauƙi, ta ce a gaishe ki.

Mai ƙosai ba ta ji daidai ba, a gida aka karɓi waccan haihuwar. Ko an kira ni babu abin da zan iya yi. Ki sha maganinki, ki kwanta.

Ki gaya wa Madina ba zan je Abuja ba, na sanar da Yosiya, na kuma ajiye muƙamina a ƙungiya. Tuwon sai wani lokaci, Inna. Ba zan iya zuwa yanzu ba.

'Yarki,
Filomina