Ba Idon Baba Ba Ne

Deira, Dubai
9 ga Oktoba, 2019

Zuwa ga Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da maigidanki Mijinyawa da yara kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Baba da Umma sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai aikin kaya da ba ya ƙarewa.

Saƙonki ya hana ni sukuni. Kin ce Baba ya rataye bindigar iskar nan da na sa aka saya masa a bayan ƙofa, ya daina zuwa gonar gyaɗa, wai ya harbi kurege sau bakwai bai samu ko ɗaya ba, don haka idonsa ya mutu. Wallahi Yaya, ba idonsa ba ne, laifina ne.

Ranar da Mijinyawa ya kira ni daga shago a Kano, ya ce iri biyu ne, mai sifirin da mai gas. Ni kuwa, gwanin sani, ko tunani ban yi ba na ce a ɗauko mai sifirin, tunda in ta lalace kowane maƙeri zai taɓa ta. Jiya na shiga wani shagon kayan farauta na tambaya. Mai shagon ya ce ita mai sifirin ba ta son a ɗana ta a bar ta, ƙarfinta raguwa yake yi, dalmar harsashin ta riƙa faɗuwa kafin ta kai. Mai gas ce ke jure jira. Kin san Baba: tun hantsi zai ɗana ya ɗora a cinya, ya zauna gindin mangwaro har azahar. Shekara nawa na yi ina kallon wannan zaman, amma da aka zo zaɓi na manta? Kaico! Gaggawa aikin Shaiɗan.

Na roƙi Mijinyawa ya sayo mai gas ɗin. Amma kada ki bari a miƙa masa kawai, don zai ce tausayinsa ake ji. Ki karanta masa wasiƙar nan tukuna, ya ji daga bakina cewa ni na sa ya yi wata biyu yana zargin kansa.

Ki gaida Umma da ƙanwarmu Halima Sa'adiya. Ki ce wa Baba ya yafe mini, ya koma gonarsa.

Ƙaninki,
Musbahu