Gardama a Teburin Kaka

Ayelet 'yata,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Kaka Rahamim, yaya mutanen Afula?

Babanki ya ce kin daina zuwa cin abincin daren Juma'a, wai tunda zaɓe ya matso Kaka ya tsane ki. Haba! Ni ma haka yake buga mini tebur: "Ke da jam'iyyarki, ku ci gidanku!" Sannan ya ƙara mini kifi.

Nan Winnipeg lafiya lau, ɗalibaina suna ƙoƙari. Sai dai mutanen nan ba sa musu. Nakan kunna kyandir, in ci abincina shiru. Ƙuri'a ma ba a jefawa daga nan.

Ki je ranar Juma'a, ki musa masa son ranki. Ya tsufa, Ayelet, ni kuma bana ba zan samu zuwa ba.

Gwaggonki,
Tirza