Ragar Gashin Doki

Laraba, 23 ga Fabrairu, 1927, Margilan

Baban Zumrad ya dawo daga injin gurzar auduga bai taɓa shinkafarsa ba. Wai shugabansu ya tara su ya ce ranar takwas ga Maris kowa ya kawo matarsa dandali fuska buɗe, a ƙona faranji, wato lulluɓinmu na fita mai ragar fuska. Wanda bai kawo ba ya nemi wani aikin.

Na ce, "Da bakinka kake faɗa mini? Kai da ka yi mini faɗa don mai tallan kankana ya ga hannuna?"

Ya ce, "Wancan zamanin sarki ne, Oyposhsha."

To ni ban san lokacin da zamani ya shigo gidan nan ba.

Lahadi, 27 ga Fabrairu

Yaya Mamasoli ya zo. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi. Ya ce in na buɗe fuska kada in je jana'izarsa, shi ma ba zai zo tawa ba. Da miji da wa duk an ce in yi musu biyayya. Ba wanda ya koya mini yadda ake yi in sun raba hanya.

Alhamis, 3 ga Maris

Maƙwabciyata Tojinisa ta leƙo ta katanga tana dariya. Ita tun makon jiya ta yar da faranjinta, ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Ta ce, "Yaya, ashe hasumiyar masallacinmu shuɗiya ce! Ni duk a toka-toka na san ta." Na ce ta rufa mini baki. Amma na yi dariya.

Talata, 8 ga Maris

Na je. Da azumi a bakina.

Tsohon faranjin surukata na ɗauka, nawa mai kyau yana cikin akwati. Allah Ya gani, gwamnati ba ta gani ba. An kaɗa ganguna, wata 'yar Rasha ta yi jawabi, wani yana fassarawa. Wai mun 'yantu. Ragar gashin dokin da ke rufe fuska in ta kama wuta warinta kamar ana babbakar kan rago. Iska ta bugi kumatuna, ji na yi kamar ba riga a jikina. Maza sun jeru jikin bango suna ƙirga matan wa da wa suka zo.

A hanyar gida Baban Zumrad ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mini a ka. Shi da ya kai ni.

Juma'a, 11 ga Maris

An jefo mana mushen kare ta kan katanga.

Litinin, 4 ga Afrilu

Sallah. Yaya bai aiko da komai ba. Na aika masa gurasa, aka dawo da ita yadda take.

Yanzu ga yadda nake: in zan bi unguwa in sa faranji, in na kusa ofishin ma'aikata in cire in cusa a kwando. Rannan na rikice na yi akasin haka. Nan an zage ni, can an rubuta sunan mijina.

Asabar, 23 ga Afrilu

An tsinci gawar Tojinisa a magudanar ruwa bayan gonar itatuwan tut, waɗanda tsutsar siliki ke cin ganyensu. Ƙanen mijinta ne ya kashe ta, bai ma gudu ba.

'Yan jam'iyya sun ɗauke ta da jan ƙyalle da kaɗe-kaɗe, suna cewa jaruma. A unguwa ana cewa ita ta ja wa kanta. Liman ya ce ba shi da lafiya. Ni da uwarta muka yi mata wanka. Akwai tawada a yatsanta, na goge na goge ta ƙi fita.

Ban san wa zan tsana ba. Duk wanda na ɗauko sai in ga ɗan'uwan wani ne da na sani.

Lahadi, 1 ga Mayu

An sake kiran taro. Baban Zumrad ya ce, "Zauna, zan ce kina zazzaɓi." Ya kawo sabuwar sakata ya sa a ƙofa. Tsoro yake ji, na wane ɓangare ban tambaya ba.

Laraba, 18 ga Mayu

Zaren ɗinkin hula ya ƙare, na je kasuwa a rufe ruf. A rumfar siliki na kasa rabe kore da shuɗi, sai na ɗage ragar don in duba. Don zaren kawai. Mai rumfar ya sunkuyar da kai, ya yi ta auna abin da ya riga ya auna.

Sai a bakin gada na lura ban sauke ta ba. Ko tun can na lura, oho.

Nan na yi kiciɓis da Yaya. Ya juya ya fuskanci bango. Na ce, "Yaya, ina wuni?" Bai juyo ba. Sannan ya ce wa bangon, "Lafiya. Bi ta babban titi, ya fi mutane."

Ta babban titin na bi.

Ban yanke shawarar komai ba. Jan zare dai na manta ban saya ba, gobe sai na koma.