Amsar da Na Ba Likita a Madadinka

Zuwa ga Yayana Ilu, shugaban 'yan dakon sitonmu na Bompai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ƙani ga yayansa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, na zauna rubuta maka takardar da ba za ka karanta ba. Ko kana raye ma ni za ka miƙo wa in karanta maka. Akwai maganar da na ɓoye wa matarka Asabe tun rasuwarka, kuma ina so in fara faɗa maka kafin in tsaya gabanta.

Ba uwa ba uba muka haɗa, amma kai ka riƙe hannuna ka kai ni gaban manaja, ina da takardar aji uku ta sakandare da riga ɗaya tak. Aka ba ni akawun sito. Kai kana sungumar dilar atamfa a ka, ni ina riƙe da biro ina hura hanci. Ba ka taɓa jin haushi ba. Cewa kake, "Ɗan boko, kai ne bakinmu."

Na tuna yadda kake tsayawa wurin mai tebur a bakin get. Farasitamol biyu da koko da safe, biyu bayan azahar, biyu in an tashi. Ranar da tirela ta zo da yawa sai ka ƙara da ƙullin maganin gajiya, wanda kai da mai sayarwar ba wanda ya san abin da ke ciki. Gishirin aiki kake ce masa. Duk sito haka ake yi, ba wanda ya ɗauke shi magani.

Da ƙaba ta tsananta maka a farkon shekarun tamanin, aka ce sai an yi maka aiki a asibiti. Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, kai kuma ba ka jin Turanci. Na sa farin takalmina na raka ka.

Ya tambayi ko kana shan wani abu. Yaya, kalmar da ya faɗa baki biyu gare ta: tana nufin magani, tana kuma nufin ƙwayar 'yan shaye-shaye. Ni ta biyun kawai na sani, a jarida nake ganinta. Raina ya ɓaci. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi ne za a tambaya ko ɗan ƙwaya ne? Ban ma juyo na fassara maka ba. Na amsa masa da Turanci mai kauri cewa yayana ba ya shan komai, na ƙara da cewa a kiyaye. Ka dube ni kana murmushi, ka ga ƙaninka yana ja da likita.

Aiki ya yi kyau. Suka sa ka a maganin rage zafi, ashe irin naka ne na bakin get. Ka yi min raɗa cewa nasu ba ya ratsa jikin ɗan dako. Na sayo maka farasitamol kati biyu na tura ƙarƙashin matashi, ina jin na yi zumunci. Kai kuwa ko abinci ba ka iya ci.

Kwana kaɗan da sallamarka, amai ya taso, idonka ya koma kamar an ɗiga kurkur. Aka ce shawara ce. Asabe ta jiƙa maka saiwar rawaya, kamar yadda kowace mace a layinku za ta yi. Ka sha sau biyu, jiki ya rikice, muka koma asibiti.

A baranda likitan ya tsare ni, ya sake tambaya, wannan karon a hankali, yana ƙirga da yatsa. Da na lissafa masa na safe da na azahar da na ƙarƙashin matashi, sai ya cire tabarau ya riƙe goshi. Ya ce maganin ba shi da laifi in an tsaya a ƙa'ida, amma hanta ke sarrafa shi, kuma taka ta daɗe tana ɗauke da kaya. Ga maganin barcin da aka ba ka lokacin aiki, ga nasu, ga nawa a kai. Ya ce da ya sani, da ya auna jininka tukuna, ya sauya abin da zai ba ka.

Ni kaɗai na ji wannan bayani, don ni kaɗai ke jin yaren. Kai kuma ba ka fito daga asibitin da rai ba. Da Asabe ta tambaye ni me ya ce, na ce mata kwana ne ya ƙare.

Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma ita ta cike gurbin da kanta. Tun ranar take cewa, "Da hannuna na ba shi jiƙon nan."

Yau ina da motocin dakon kaina a Sharaɗa da Challawa, ba wanda ya ba ni ko taya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na kai Asabe Makka. Na gina mata gida a Dorayi, na aurar da 'ya'yanka mata uku. Duk na yi, ban da buɗe baki. Mutane na yabona da riƙon amana, ina sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Makon jiya na je duba ta, ƙafa ta hana ta tashi. Na tarar tana hana jikarka jiƙa wa ɗanta ko da lemon tsami, tana hawaye, tana cewa kada ta ɗauki irin kayan da ta ɗauka. Ta tsufa ƙwarai, Yaya. Ina tsoron ta iske ka da laifin da ba nata ba.

Jumma'a bayan masallaci zan je. Zan cire hula in zauna a tabarma, ba a kujerar da take sa a kawo min ba. Ƙila daga ranar ta daina ce min ƙanin Ilu. In ta daina, ta yi daidai. Ni dai ta kwana da zuciya sakayau.

Ka yafe min, Yayana. Ka ba ni bakinka amana, na yi magana da girman kaina.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sauke maka duk nauyin da ka ɗauka don mu ci, Ya sanyaya zuciyar Asabe, ni kuma Ya ba ni harshen faɗa mata.

Ƙaninka, akawun sito,
Sabo