Ƙofar Dangwale ta Gidanmu na Yalwawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Falalu mai kayan gini, mazaunin Yalwawa a cikin Dutse. Na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina. Jiki ne ya ƙi, likita kuma ya daina kallon idona in yana magana, ni kuwa ba yaro ba ne. In kun ga na rikice a wani wuri, ba hankali ne ya taɓu ba, al'amarin ne ya fi ƙarfin kaina. Wasiyyar taku ce ku uku, Abdurrahim da Musaddiq da Juwairiyya. Babba, ka yi haƙuri, tun da aka haife ka bakina bai taɓa kama sunanka ba saboda kunyar ɗan fari, yau takarda ta tilasta ni. Na roƙi Malam Nasrullahi, limamin unguwa, ya karanta muku tun ina numfashi, domin abu ɗaya ya tsaya mini a rai: Babba ya daina shiga gidana, kuma ƙofa ce sanadi.

Na ɗaya, gado. Allah ya riga ya raba, ba ni da ta cewa, a kira malamai su yi aikinsu. Abin da ya dame ni shi ne shago, don ban san abin da ke cikinsa ba. Lokacin da na fara, kayan gini siminti ne da rodi da kwano da ƙusa da kwaɗo. In na ƙwanƙwasa kwano, ƙararsa kaɗai ta ishe ni sanin mai kyau. Tun da Musaddiq ya karɓi shago sai kwali a kan kwali. Ga tayil mai kama da katako, ga katako mai kama da tayil, ga silin na roba, ga famfon da sai ya ga hannu yake zubar da ruwa. Na taɓa tsayawa gabansa zan yi alwala ina laluben inda ake murɗawa, har aka tayar da salla. Ba na musun Musaddiq ya ɗaga shagon nan, Allah ya yi masa albarka. Amma a samo dattawa biyu daga 'yan kasuwar layinmu su yi wa kayan ƙima, kada ɗayanku ya yi da kansa.

Na biyu, Innarku. Ku bar ta a ɗakinta, ku bar mata daɓenta na siminti. Tun da santsin tayil ɗin banɗaki ya kayar da ita take tafiya tana dafa bango. Duk wanda ya zo mata da wani sabon abu ya fara tambayar ta.

Na uku, daga cikin sulusina a rufe masallacin ƙauyenmu na bayan Kiyawa, na yi musu alkawari. Musaddiq ya nuna mini rufi iri-iri, da dogo marar gaɓa, da mai kama da an barbaɗa masa tsakuwa, kowanne ya ce shi ne ƙarshe. Na kasa zaɓa. Babba birkila ne, ya hau rufi fiye da kowa a cikinmu, shi zai zaɓa, Musaddiq ya kawo. Ni dai kada ya ɗiga a kan masu sujada.

Na huɗu, maganar ƙofa, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bara, da aka shiga wa maƙwabcinmu, Musaddiq ya cire tsohon ƙyauren soro ya sa wata ƙofar ƙarfe wadda ba a buɗe ta da mabuɗi. Yatsa ake dangwala mata kamar ranar zaɓe, in ta san ka ta nuna kore ta buɗe, in ba ta san ka ba ta nuna ja. Ya ɗauki yatsan kowa a wayarsa, har na Babba, a kan idona aka yi. Innarku ce kaɗai ta ƙi, ta ce ba ta gaisawa da ƙarfe.

Wata Juma'a bayan an sauko, Babba ya zo gaishe mu da iyalinsa. Ya dangwala, ta nuna ja. Ya sake, ya kuma sake, sai ta tsala ihu irin na an ga ɓarawo. Maƙwabta suka fito, har da mai sanda. Ɗana na fari yana tsaye a ƙofar gidan da shi ya aza bulonsa, gaban matarsa da 'ya'yansa, mutane suna kallo. Musaddiq ya buɗe daga ciki yana ta dariya. Babba ya juya da iyalinsa. Tun daga ranar nan a masallaci yake gaishe ni, ko a asibiti.

A nan ne kaina ya ɗaure. Musaddiq ya ce siminti ne ya cinye zanen yatsan yayansa, shi ya sa ƙofar ba ta gane shi ba. Babba ya ce goge shi aka yi daga cikin waya, don a nuna masa wanda ke da gida yanzu. Juwairiyya ta ce ita ma ƙofar ta ƙi ta ranar da ta zo da lalle a hannu. Na kama hannun Babba a asibiti na duba, lallai yatsan ya yi sumul, siminti ya yi aikinsa. Amma kuma a gabana Musaddiq ya taɓa goge wani ma'aikacinsa daga ƙofar sito, kafin in ƙifta ido an gama. To wanne zan kama? Na tsufa ina sayar da kwaɗo, in aka ce an buɗe ɗaki sai a tambayi wa ke riƙe da mabuɗi, magana ta ƙare. Wannan kuwa mabuɗinta yana cikin waya, ban san inda zan leƙa ba. Ban san mai gaskiya a cikinku ba, kuma ba zan je gaban Allah da hukuncin abin da ban sani ba.

Makon jiya da na dawo daga asibiti, ni ma ƙofar ta ƙi ni. Ciwo ya tsotse ni, yatsan ya yamutse. Na jingina da bango, mai adaidaitan da ya kawo ni yana kallo na, yana tambaya ko na tabbata nan ne gidan. Kunya ta kama ni, na yi hawaye, ba zan ɓoye muku ba. Wannan bai gaya mini ko an goge Babba ko ba a goge shi ba. Ya dai gaya mini abin da Babba ya ji a ranar nan, kuma na daina ganin ya cika fushi.

Na biyar. Musaddiq, ka taka har gidan yayanka ka ba shi haƙuri. Ban ce don ƙofa ba, wannan Allah ne shaida. Don dariyar nan nake nufi, ita kam da kunnena na ji ta. Babba, in ya zo ka karɓa, kada ka ƙara tuhumar ƙaninka da abin da ba ka da shaida a kai, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Juwairiyya, ke ce suke jin kunya su biyun, kada ki gaji da shiga tsakani.

Na shida. Ban san ko a bar ƙofar nan ko a cire ta ba, ɓarayi dai ba su ƙare ba, Musaddiq kuma ba don mugunta ya kashe mata kuɗi ba. Amma ranar da na cika, kafin a aika wa kowa, a kwance ta a jingine a bango, soro ya zauna a buɗe har masu gaisuwa su watse. Babba ne zai wanke ni, Musaddiq ya zuba masa ruwa. Ba na son ɗana ya zo wankan ubansa ya tsaya ƙarfe ya tantance shi. Bayan nan duk ƙofar da kuka yarda da ita Babba ne zai kafa ta, kuma kowannenku ya samu mabuɗin da hannu ke riƙewa.

Na yafe muku duka, duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya, ya haɗa kanku a bayana. Ku riƙe Innarku, ku riƙe juna, kada zumunci ya yanke a kan abin da aka ciro daga kwali.

Babba, kada ka jira sai ranar. Na sa an tokare ƙofar da bulo tun jiya, ina kwance a ɗakina. Ka shigo ina da rai.

Mahaifinku,
Falalu