Maɓallan Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Oga ya tara mu da safe ya ce zamanin danna-ka-jira ya wuce. Masu ba mu aiki sun gaji da shafin da sai an sabunta shi kafin a ga sabon abu. So suke abu na faruwa yana fitowa a allo nan take. Ya zaɓo wani sabon tsari da ake gina irin wannan manhaja a kansa, ya ce kowa ya koya, ƙarshen wata kowa ya nuna ɗan abin da ya haɗa da hannunsa. Dogo, wanda teburinsa ke jikin nawa, ya ce shi wasan kati zai yi. Ni ban sani ba tukuna.

Abin da ya tsaya min a rai: ta yaya sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, za ta yi wa waya magana alhali wayar ba ta tambaye ta komai ba? Tunda na fara aikin nan, burauza, manhajar buɗe shafi, ce ke tambaya, sabar ta ba ta amsa, kowa ya kama gabansa.

Laraba, 3 ga Satumba

Na girka sabon tsarin a kwamfutata. Fayilolin saiti har kashi-kashi: na gwaji a gida daban, na ranar da za a sake shi ga jama'a daban. Wai don kada mutum ya kai kalmar sirrin wasa wurin aikin gaske.

Na buɗe shafin a taga biyu, na rubuta "sannu" a ta hagu, kafin in ɗaga yatsa ta fito a ta dama. Na goge, ta ɓace. Na yi ta yi kamar wata yarinya har shayina ya huce. Ashe ba kashe layin ake yi ba. Da zarar an haɗu, sai a bar shi a buɗe kamar kiran wayar da ba a katse ba, duk mai magana ya yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Gidan Yaya, gaida Baba.

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Baba fa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi, wanda ko gishiri ka ce ya miƙo maka sai ya haɗa maka da labari. Yanzu cokali yake bugawa a jikin kofi. Anti, matar Yaya, ta taho da gudu daga kicin hannu duk kumfa: "Ruwa, Baba? Bayi? Fanka ce ta yi yawa?" Shi kuma ya runtse ido har sai ta canka. Wani lokaci ba ta cankar.

Na zauna kaɗan. Na ce jiki da sauƙi, na sake cewa jiki da sauƙi. Na ce akwai aiki a gabana, na taso.

A cikin bas ne abin ya faɗo min. Ai ga abin da zan gina.

Talata, 9 ga Satumba

Manyan maɓallai huɗu, kowanne da hoto: RUWA, BAYI, SANYI, CIWO. A tsarin nan akwai abin da suke kira ɗaki. Duk wayar da ta shiga ɗaki ɗaya, abin da aka faɗa a ciki kowa zai ji. Na buɗe ɗaki na sa masa suna "baba". Shi, ni, Yaya, Anti.

Abin mamaki, shafin ba ya sake lodawa gaba ɗaya. Sabar tana tuna yadda allon kowa yake, sai ta turo ɗan guntun da ya canza kawai. Na leƙa saƙon da take turowa, bai kai tsawon wannan layin ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Na ɗora shi a intanet, ya mutu. Shafi na buɗewa lafiya lau, maɓallai kuwa kamar zane a bango. A kwamfutata yana aiki! Na wuni ina tonon abin da na rubuta, ban ga laifi ba.

Dogo ya miƙo wuyansa ta saman allona yana tauna biskit. "Kin gaya mata adireshin gidanta kuwa?"

Layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti. Sabar ba ta yarda ta buɗe layi da shafin da bai fito daga adireshin da aka rubuta mata ba, ni kuma na bar mata na gwaji. Da farko na ji haushi. Da na karanta dalilin sai na ga gaskiyarta: in ba haka ba, kowane shafin banza zai iya shigowa ɗakin Baba ya saurara.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ta yaya take sanin wani ya fita in bai yi sallama ba? Yau na gano. Kowace waya tana turo ɗan saƙo lokaci-lokaci, ma'anarsa "ina nan". Bugun zuciya suke ce masa. Na sa ɗigo kore kusa da sunan duk wanda ke kan layi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yaya ya zaro tsohuwar babbar wayarsa mai faɗin allo, muka jingina ta a kan teburin da ke gefen kujerar Baba, ta hagu. Baba ya daɗe yana kallonta ta ƙasan tabarau, irin kallon da yake yi wa takardar jarrabawar da bai yarda da ita ba. Sai ya ɗaga yatsa ya danna RUWA.

Wayoyinmu uku suka yi ƙara tare. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sake dannawa. Ya sake. Rabin fuskarsa mai motsi tana dariya, kafaɗarsa na girgiza.

Yaya ya ce, "Ke dai kin jawo mana aiki."

Anti ta kawo ruwan, bai ma sha ba.

Talata, 16 ga Satumba

Ina tsakiyar aiki wayata ta hau kuka: BAYI, BAYI, BAYI. Na yi maza na kira Anti. Dariya ta hana ta magana. Wai wani abokin Yaya ne ya zo dubiya, ya zauna yana jero magungunan da suka warkar da kawun maƙwabcinsa. Baba ya saurara iya saurarensa, sannan ya miƙa yatsa. Baƙo na jin an ce bayi ya tattara takalmansa. Ana rufe ƙofa Baba ya gyara zama, ya nuna talabijin.

Ban sa wannan a lissafi ba. Baban da na sani yana ciki ashe, dukansa yana ciki.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ba na son rubuta yau, amma bari.

Da hantsi Anti tana waje tana shanya. Baba ya zame daga kujera, hannunsa marar motsi ya maƙale a ƙarƙashinsa. Ya kai ɗaya hannun ya danna CIWO. Maɓallin ya haska, don haka na tsara shi, ana taɓa shi ya haska. Amma intanet ɗin gidan ya ɗauke a lokacin. Babu wayar da ta yi ƙara. Shi yana ganin haske yana zaton mun ji, yana jira. Da Anti ta shigo ta tarar da shi a karkace, hawaye har wuyan riga, wayar a ƙasa.

Babu karaya, alhamdulillahi. Kafaɗa ce ta bugu.

Yaya ya kira ni, muryarsa a ƙasa, wadda ta fi ihu ciwo. "Da cokalin nan ne, da an ji shi." Me zan ce?

Na duba bayanan sabar. A wurinta ba abin da ya faru yau da safe. Ko kaɗan.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ɗigon Baba a kashe. Anti ta ce an sa wayar a durowa.

Litinin, 22 ga Satumba

Na kwashe ƙarshen mako ina karatu a kan kalma ɗaya: "an aika". Ashe abu uku ne na cure wuri guda. An danna daban, sabar ta karɓa daban, mutum ya gani daban. Tsarin yana sake haɗa layi da kansa in ya katse, wannan gaskiya ne, amma abin da aka faɗa lokacin da layin ke katse ba ruwansa, sai in kai ka ce a ajiye. Yana nan a rubuce ƙarara. Na wuce ta kansa ina sauri in ga abu na motsi.

Sabon tsari: in ya danna, maɓalli ya zama rawaya. Ba zai koma kore ba sai ɗayanmu ya taɓa "na gani", kuma sunan wanda ya gani ya fito. In babu layi, allon gaba ɗaya ya yi ja, wayar da kanta ta kwarma ƙara a cikin gidan, ta riƙe saƙon ta tura shi da zarar layi ya dawo. In kuma saƙon "ina nan" ya daina zuwa daga wajensa, a sanar da mu.

Dogo ya zama mai cire min filogi. Ina dannawa yana fizge wayar intanet ɗin ofis, har mai lissafin kuɗinmu ta leƙo ta ce in muka ƙara za ta kai mu wajen Oga.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na je bayan an tashi aiki. Yaya ya ce shi ba ruwansa, in tambayi mai jikin.

Na durƙusa gaban kujerar na ce, "Baba, kuskurena ne. Hasken nan ƙarya ya yi maka." Na yi masa bayani tun daga farko, rawaya, kore, ja. Ban taɓa yi masa doguwar magana haka ba tun da ya kwanta. Na cire filogin intanet ɗin gidan a gabansa, na ce ya danna. Wayar ta ɗauki ƙara har Anti ta toshe kunne.

Ya juya yatsa a iska: sake. Na sake. Na mayar da filogin, ya nuna ƙofa, wai in fita waje. Na fita, ya danna, na taɓa "na gani" daga tsakar gida, na dawo. Jarrabawa sosai ya yi min. A ƙarshe ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya jawo kofinsa da cokalin ya ajiye su kusa da wayar. Duka biyun yake so. Ban ga laifinsa ba.

Zan tafi ya riƙo gefen mayafina, ya yi alamar rubutu da yatsa a kan allon.

Litinin, 29 ga Satumba

Na ƙara masa farin fili da zai yi rubutu da yatsa, mu gani a wayoyinmu yana yi. Mai yi masa gashin ƙashi ta ce hakan ma zai taimaki hannun hagun.

Gwajin farko ya shaƙe sabar. Ashe ɗan jan layi ɗaya saƙonni ne rututu, kowane motsin yatsa da nasa. Sai na riƙa tara su ƙulli-ƙulli ina turawa. In ƙullin ya yi girma, layin ya riƙa tsalle. In ya yi ƙanƙanta, a koma shaƙewa. Wai a ina ne ido ke daina ganin tsalle ya fara ganin tafiya? Na yi ta matsa lambar sama da ƙasa har na samu inda ya zauna.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ranar nunawa. Na sa Anti ta tambayi Baba ko ya yarda abokan aikina su gani, ta ce ya sa an canza masa riga, ko da yake babu kyamara.

Dogo ya nuna katinsa, aka tafa. Na haɗa nawa da babban allon ɗakin taro. Fili fari, ɗigonsa kore. Shiru. Har Oga ya fara duba agogo, sai ga baƙin layi ya fito daga sama yana rarrafe. Ya karkata, ya tsaya, ya ci gaba. Bakwai ce. Sai alamar sau, sai takwas, sai alamar tambaya mai kama da ƙugiya.

Dogo ya yi wuf ya ce hamsin da huɗu. Don mugunta na rubuta wa Baba haka. Layin ya dawo da ƙarfinsa, ya ja wani ƙaton kuros a kan amsar, ya ƙara ja masa layi a ƙasa. Ɗakin ya kece da dariya. Oga ya ce akwai wani wurin kula da marasa lafiya da zai so ganin wannan, mu yi magana.

Ni hankalina na kan tsayawar nan da layin ke yi a tsakiyar harafi. Intanet ne ke jinkiri, ko hannun ne ke hutawa? Daga nan ba yadda zan bambance.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na je in auna jinkirin, shi ke nan abin da ya kai ni. Dole mutum ya ga yatsan da allon a lokaci guda.

Hannun ne. Yakan ja rabin harafi, ya tsaya ya yi numfashi, ya cije leɓe, ya ƙarasa. Na jawo kujera ta gefen hagunsa don in gani da kyau. Farcensa ya yi tsawo yana karce allon, sai na karɓi abin yanke farce wajen Anti na yanke masa. Daga nan ban san yadda aka yi ba na hau ba shi labarin ofis, da Dogo da biskit ɗinsa, da fayil ɗin saitin da ya cinye min wuni guda. Yana ɗaga gira a inda ya kamata. Da na faɗi wani abu ba daidai ba game da kashi cikin ɗari, ya buga min cokali.

Barci ya ɗauke shi wajen la'asar, hannunsa a kan nawa, sai ban motsa ba.

Kwamfutar ko fito da ita daga jaka ban yi ba, don haka awon bai samu ba. Na ce wa Anti sai na dawo Litinin bayan aiki, wataƙila da Laraba, saboda irin wannan gwajin yana son maimaici.

Ta ce, "Haka ne kam." Ko murmushi ba ta yi ba, Allah ya saka mata. Ta shiga ɗaki ta fito da makullin ƙofar gaba guda ɗaya, ta ce don kada in riƙa tsayuwa ina ƙwanƙwasawa.

Na zura shi a cikin zoben makullaina.