A Dawo Wa 'Ya'yanmu Da Tashin Tara

Zuwa ga Mai Girma Malam Hedimasta, makarantar firamaren garinmu na bakin tafki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Hajara mai bandar kifi, uwar Sani ɗan aji biyu. Na yi ta sintiri ofishinka ana ce min kana taro, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya ji.

Na ɗaya, ina taya ka murna. Tun da aka ba mu sabuwar jiha kowane babba yake neman abin da za a tuna da shi, wani rijiya, wani hanya. Kai kuwa Allah ya ba ka basirar kashe tashin tara. Ka ce wasa ɓata lokaci ne, makarantarka ce za ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga sakandare. Sani ko haƙoran gabansa ba su gama fitowa ba, amma ga shi yana shirin sakandare. Filin da yara suke langa da ƙwallon tsumma ka sa an shuka rogo. Rogon ya yi kyau, Malam. Shi kaɗai na gani yana shan iska a makarantar nan.

Na biyu, na lura dokar ba ta shafi malamai ba. Kullum da hantsi suna gindin mangwaro suna cin kifi, monita na tsaye da bulala a kan duk yaron da ya motsa. Ba ji na yi ba, a wurina suke saye.

Na uku, wasan da ka kora bai mutu ba, gidajenmu ya ƙaura. Da an tashi sai yaran su shigo kamar awakin da suka tsinke igiya. Sani ya fasa min randa, ya ture min kwandon kifi, ya tsallake kakarsa tana sujada. A da yakan dawo yana rera min abin da aka koya masa har in gaji. Yanzu in na ce ya ɗauko littafi, sai ya ce, "Inna, kaina ya cika."

Na huɗu, a nan dariya ta ƙare min. Wata rana fitsari ya matse shi a aji, ya ɗaga hannu, aka ce ya jira a tashi. Bai iya jira ba. Yara suka laƙaba masa sunan da ba zan rubuta ba. Tun daga nan sai ya sa kayan makaranta da safe, ya gaishe ni, ya fita, ashe bakin ruwa yake zuwa shi da abokansa biyu. Ranar kasuwar Yauri da ta wuce suka kwance wani tsohon kwalekwale suka shiga, iska ta taso, ya kife da su. Allah ya sa Malam Ɗanjuma masunci yana ɗinkin taru a kusa, ya faɗa ruwa ya tsamo su. A kafaɗa aka kawo min Sani yana aman ruwa. Da ya dawo hayyacinsa mahaifinsa ya ɗauko tsumagiya, yaron ya ce, "Baba, wasa kaɗan muke so mu yi." Mahaifin ya ajiye tsumagiyar ya fita. Washegari kuma sai ga saƙonka, wai ɗana yana fashin makaranta, in ja masa kunne.

Malam, ni ba maƙiyiyar karatu ba ce. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na san ciwon rashinsa. So nake Sani ya wuce ni nesa. Amma ko jakin da ke ɗauko mana itace akan sauke masa kaya ya yi birgima, kuma ban taɓa jin ya manta hanyar gida don ya yi ba.

Roƙona gare ka: ka dawo da tashin tara. Ka ba yara wurin gudu inda idon malami ke kansu, nesa da ruwa. Yaron da ya nemi fita biyan buƙata kuma a bar shi ya fita, ba sai ya kawo shaidu ba.

Sani yana gida. Ya ce ba zai koma ba, ni ma ban tilasta masa ba. Ranar da na jiyo ƙararrawar tara daga bakin murhuna, da kaina zan riƙo hannunsa in kawo maka shi.

Allah ya ƙara maka girma, ya kai ka kujerar da kake hange, ya azurta ka da jikoki masu ƙiriniya, su wuni zaune a aji su kwana a ɗakinka.

Wassalam.

Hajara, uwar Sani.